Umarni a Sifaniyanci: Aikatau Masu Bin Ƙa'ida

Malamin Hausa zai ƙara fahimtar jimlar umarni idan ya dubi yadda wani harshe yake gina ta. A Sifaniyanci, aikatau masu bin ƙa'ida sun kasu gida uku gwargwadon ɗafa-ƙeyarsu: -ar, -er da -ir, misali hablar (yin magana), comer (ci) da escribir (rubutawa).

Idan tsara ko yaro ake umarta, sai a ce habla, come, escribe. Amma ga babba ko baƙo, wasalin ƙarshe yakan sauya, "a" ta koma "e", "e" ta koma "a": hable, coma, escriba. Nan masu koyo suka fi tuntuɓe, domin wasali guda ne ya raba ladabi da raini. Bahaushe kuwa da wakilin suna yake yin wannan aiki, ya ce wa dattijo "ku zauna".

Wajen hana tsara ba a cewa no habla, domin ma'anarsa "ba ya magana". Sai dai no hables, no comas, no escribas. Haka "zauna" ba ta karɓar "kada" kai tsaye, sai "kada ka zauna" ko "kada ki zauna".

Aiki: Kawo umarnin tsara, na girmamawa da na hani daga cantar (rera waƙa) da beber (sha).