YADDA A KE SAITA KYAMARA KAFIN ƊAUKAR HOTO

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a shafinmu na Hausa, in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na koya game da kyamara, don kada wani ya sha irin kunyar da na sha.

Da hunturun bara aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare da ke Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia. Da lokacin komowata ya yi kusa, sai 'yan aji shida, su 38, suka ce suna son hotonsu na tunawa da juna. Kowa ya kawo abin da ya samu, har da waɗanda sai da suka yi tallar gyaɗa. Ni kuwa na ari kyamarar yayana, wanda ke ɗaukar hoto a gidajen biki, girman kai ya hana ni tambayarsa yadda a ke aiki da ita. Da la'asar na jera yara a gindin mangwaro, sararin sama na bayansu, na danna sau biyu, ban ko tsaya na duba ba, na sallame su.

Da na kai Kaduna wurin wanki, mai shagon ya buɗe hoton a kwamfuta, sai na ga fararen riguna sun koma shuɗi-shuɗi, fuskoki sun yi baƙi ƙirin, kome kuwa dishi-dishi. To, kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Na koma wurin yayana na ƙasƙantar da kai ya koya mini, na sāke ɗauka bayan mako guda. Amma ran nan yara huɗu ba su samu zuwa ba, har yau babu fuskokinsu cikin hoton ajinsu.

Abin da na gane shi ne, kyamara ba ta san fari ba, ba ta kuma san abin da ka ke so ya fito sarai ba, sai abin da ka gaya mata. Kurakuraina guda uku ne, zan kuwa bi su ɗaya ɗaya. Amma bari mu fara duba cikin kyamarar tukuna.

ƊAKI MAI DUHU

Kyamara dai ɗan ɗaki ne mai duhu, da taga guda da ƙyaure. Wani masani, Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya bayyana yadda haske ke shiga ta ƙaramar kafa ya zana surar abin da ke waje a bangon ɗaki. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar farko mai ɗauka da lantarki ba da fim ba. Hotonta baƙi da fari ne, sai da ta yi sakan 23 kafin ta adana guda a kaset. A 1976 kuma aka yi rajistar dabarar Bryce Bayer, shi ma na Kodak, watau a rufe farantin da ke karɓar haske da ƙananan matatai masu launi uku, rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Daga waɗannan ukun ne yawancin kyamarori da wayoyinmu ke harhaɗa dukan launukan da mu ke gani. In awon ɗaya ya rinjayi sauran, hoto ya ɓaci ke nan.

KUSKURE NA FARI: LAUNI

Kowane haske da launinsa. Hasken aci-balbal ja-ja ne, na tsakar rana fari ne, na inuwa kuwa ya karkata wajen shuɗi. Mu ba mu cika lura ba, domin ƙwaƙwalwarmu ta san farar riga fara ce, ko a ina ta gan ta sai ta gyara mana. Kyamara ba ta da wannan baiwa.

Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin, alamarsa K. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san ƙarfe ya kan fara yin ja, in zafi ya ƙaru ya yi rawaya, sa'an nan ya yi fari. Haka ma'aunin ya ke tafiya: kyandir wajen 1900, tsohon ƙwan lantarki mai zare wajen 2700 zuwa 3200, tsakar rana wajen 5500, ranar gajimare wajen 6500, inuwa kuwa 7000 ko fiye.

A jikin kyamara ku nemi inda aka rubuta WB, nan ne wurin daidaita fari. Za ku ga 'yan zane-zane: rana, gajimare, gida mai inuwa, da ƙwan lantarki. Ku zaɓi wanda ya yi daidai da hasken da ku ke ciki. In kun gaya mata lambar da ta kasa ta hasken wurin, hoto zai yi shuɗi. In ta fi, zai yi rawaya. Ashe yayana ya bar ta a kan alamar ƙwai tun wani bikin dare, ni kuwa na fita da ita inuwar mangwaro. Shuɗin riguna ke nan.

Akwai kuma AWB, inda kyamara ke cinta da kanta. Sau da yawa ta kan dace, amma a ƙasarmu abu biyu kan rikita ta. Na ɗaya jar ƙasa: in filin makaranta ko bangon jan laka ya cika hoto, sai ta zaci hasken ne ja, ta ƙara shuɗi don ta kashe shi. Na biyu ajin da ke da haske iri biyu, na taga da na lantarki. A nan sai ku kashe lantarkin ku dogara ga taga.

In ana son launi na ainihi, kamar a hoton ganye don darasin kimiyya ko na saƙar da yara suka yi, to, sai a sa farar takarda daidai inda abin zai zauna, a ɗauke ta ta cika hoto, sa'an nan a gaya wa kyamara wannan shi ne fari. Littafin da ya zo da ita zai nuna maɓallin. Amma fa kada ku yi awo da rigar da aka wanke da bula, domin ta riga ta sha shuɗi, sai hotonku ya fito rawaya-rawaya.

KUSKURE NA BIYU: AWON HASKE

Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mai da kowane hoto ruwan toka, tsaka-tsaki tsakanin fari da baƙi. Da ta ga farin sararin hunturu a bayan yarana, ga kuma fararen riguna, sai ta ce haske ya yi yawa, ta rage. Fuskoki kuwa su suka biya bashin.

Wannan matsala ta daɗe da mu masu baƙar fata. Tun shekarun 1950 masu wankin hoto ke daidaita launi da katin Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, sai a shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu fata iri iri. Kyamarorin yanzu sun fi na dā ƙwarai, amma duk da haka sai mai ɗauka ya sa ido.

Maganin guda uku ne. Ku juya mutane yadda haske zai faɗo a fuskarsu, bayansu kuwa ya zama shinge ko bango mai ɗan duhu. Ku guji rana tsaka, domin ta kan sa inuwa a kwarmin ido. Hantsi da la'asar, ko bakin inuwa inda haske ke shigowa, sun fi. Sa'an nan ku nemi maɓalli mai alamar +/-, ku ƙara zuwa +1 in fuska ta yi duhu. Ga malamai kuma ga wani abin lura: in za ku ɗauki baƙin allo da aikin da aka rubuta a kai, kyamara za ta ga duhu ya yi yawa, ta ƙara haske har allon ya koɗe. A nan sai a rage zuwa -1.

KUSKURE NA UKU: DISHI-DISHI

Abu uku ke sarrafa hasken da ke shiga ɗakin nan mai duhu, kowanne kuwa da ribarsa da hasararsa.

Na ɗaya faɗin taga, wanda a ke rubutawa f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11. Ku lura, ƙaramar lamba ita ce babbar taga. Babbar taga tana shigo da haske da yawa, amma abin da aka saita ido a kansa kaɗai ke fitowa sarai, na gaba da na baya su dushe. Wannan ya dace da hoton mutum guda. Ga aji mai layi uku kuwa, f/8 ta fi.

Na biyu saurin ƙyaure, watau tsawon lokacin da ya ke a buɗe: 1/30, 1/60, 1/125, 1/250 na sakan, har gaba. Duk abin da ya motsa ƙyaure na buɗe, ko yaro ko hannun mai ɗauka, sai ya bar jirwaye. Nawa hoton a 1/15 aka ɗauke shi, don rana ta yi sanyi, ga shi ina riƙe da kyamara da hannu ɗaya. Ga mutanen da ke tsaye kada ku kasa 1/125. Ga masu rawa, kamar a bikin Afan da a ke yi a Kagoro ran 1 ga Janairu, ko 'yan tsere ranar wasannin makaranta, sai 1/500 ko fiye. In kuka je Matsirga kusa da Kafanchan, ku gwada 1/1000, za ku ga ɗigon ruwa ya tsaya cik. Ku aza kyamara a kan dutse ku gwada 1/4, ruwan zai zubo kamar farin zane.

Na uku ISO, watau yawan ƙarfin da a ke ƙara wa hasken da ya shigo. A rana 100 ko 200 ya isa, a inuwa 400, a cikin aji 800 ko 1600. In ya yi yawa, hoto ya kan yi tsakuwa-tsakuwa kamar garin da ba a tankaɗe ba. Amma gara hoto mai tsakuwa da mai jirwaye, domin na farkon ana gane fuska.

Ukun nan a ɗaure su ke da juna. Daga 1/60 zuwa 1/125 an rage rabin haske, daga f/5.6 zuwa f/8 ma haka, daga ISO 200 zuwa 400 kuwa an ninka hasken hoto. In ka rage a nan, sai ka cika a can. Wanda lissafin ya yi wa yawa, sai ya juya maɓalli zuwa A ko Av ya zaɓi taga, kyamara ta zaɓi sauri. Ko zuwa S ko Tv ya zaɓi sauri, ita ta zaɓi taga. Ran da na sāke hoton, da hantsi na ɗauka a bakin inuwa, alamar inuwa, f/8, 1/125, ISO 400, na ƙara haske kaɗan, kowa kuwa ya fito raɗau.

RIƘO DA TSABTA

Ku riƙe kyamara da hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Ku danna maɓalli rabi tukuna, ku jira ta kama idon wanda ku ke ɗauka, sa'an nan ku ƙarasa a hankali. A hoton aji mai layi uku, ku saita a kan na layin tsakiya. In haske ya yi ƙaranci, ku aza ta a kan tebur ku sa ta ɗauka da kanta bayan sakan 2.

Da hunturu ƙura ba ta barin gilashin kyamara. Kada ku goge shi da bakin riga, domin ƙurar nan tana da yashi, za ta karce shi. A fara hure ta da ɗan famfon roba, sa'an nan a shafa da tattausan ƙyalle. Daga ƙarshe, kada ku sallami mutane sai kun ɗauka sau huɗu ko biyar, kun kuma faɗaɗa hoton kun duba idanunsu. Da na yi haka a Kujama, da yaran nan huɗu suna ciki.

Wanda ba shi da kyamara sai waya kada ya ce darasin bai shafe shi ba. Wayoyi da yawa suna da sashen da aka rubuta Pro, inda za ku tarar da WB da ISO da saurin ƙyaure. Ko babu shi, in kun taɓa fuskar mutum a gilashin waya za ta saita a kansa, ta kuma ba ku damar ƙara haske ko ragewa.

AIKIN GWAJI

1. Ku aza farar takarda da jan tumatir da ɗanyen ganye a bakin taga, ku ɗauke su da kowace alama ta WB, ku ga wadda ta faɗi gaskiya.
2. Ku sa abokinku ya yi tafiya, ku ɗauke shi a 1/30, da 1/125, da 1/500, ku gwada su.
3. Ku ɗauki baƙin allo sau uku, a 0, da -1, da +1.

Gani ya kori ji. Wanda ya gwada ya ga wani abu dabam, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita don mu ƙaru gaba ɗaya. Waɗanda za su fita gwajin koyarwa bana kuwa, Allah ya ba da sa'a, amin.