Romon Kyanwa Mai Ciwon Sukari: Darasi Daga Madafa

Ba mutum kaɗai ciwon sukari ke kamawa ba. Kyanwa ma na kamuwa da shi, musamman wadda ta yi ƙiba ko ta manyanta. Alamunsa su ne yawan shan ruwa, yawan fitsari, da ramewa alhali tana cin abinci sosai. Idan ciwon ya yi nisa, ƙafafunta na baya kan yi rauni har ta riƙa taka ƙasa da dunduniya.

Me ya sa abinci ke da muhimmanci?

A darasin Bayoloji mun san cewa sitaci, irin wanda ke cikin tuwo, shinkafa da burodi, yana narkewa ya zama sukari a cikin jini. Sinadarin insulin ne ke shigar da sukarin cikin ƙwayoyin jiki. Banting da Best ne suka fitar da shi a birnin Toronto na Kanada a 1921. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin aikinsa, sai sukari ya taru a jini.

Ita kuwa kyanwa maciyiyar nama ce tun asali. Miyaunta ba shi da sinadarin da ke fara narkar da sitaci kamar namu. Don haka ragowar tuwo da shinkafa da ake zuba mata na ƙara wa mai ciwon wahala. Romon kanti mai kauri ma yawanci da fulawa ko sitacin masara ake ɗaure shi. Ga yadda za a yi romo mai kauri ba tare da sitaci ba.

Kayan haɗi: ƙafafun kaza, wuya da fukafukai kimanin rabin kilo, tsokar kaza kaɗan, da ruwa lita 2.

1. A wanke naman sosai, a zuba a tukunya da ruwan.
2. Idan ya tafasa, a rage wuta, a bar shi yana dahuwa a hankali awa 3 zuwa 4.
3. A tace da rariya, a zubar da ƙasusuwan duka. Dafaffen ƙashi na tsagewa, yana iya soke maƙogwaro ko hanji.
4. A bar romon ya huce, a kwashe kitsen da ya taso sama.
5. Idan ana son kauri, a markaɗa dafaffiyar tsokar da ɗan romon.

Za ku ga romon ya daskare idan ya yi sanyi. Jelatin ne da ya fito daga fata da guringuntsi, kuma furotin ne, ba sitaci ba.

Abin da ba a sakawa

Kada a saka albasa ko tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, domin suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Kada a saka dunƙule, gishiri ko yaji. A firij romon zai kai kwana 3; sauran a daskarar da shi a firiza.

Gargaɗi biyu

Na farko, romo ƙari ne a kan abinci, ba ya maye gurbinsa. Amfaninsa shi ne ya ƙara mata ruwa a jiki, ya kuma ja ra'ayinta ga cin abinci. Na biyu, idan ana yi wa kyanwar allurar insulin, kada a rage mata sitaci sai da sanin likitan dabbobi. Sukarinta na iya faɗuwa ƙasa sosai, ta yi rawar jiki ko ta suma, har ta rasa ranta. Likita ne zai daidaita allurar da sabon abincin. Da irin wannan kulawa, wasu kyanwoyin kan samu sauƙi har a daina yi musu allura.

Tambayar mako: me ya sa romon ƙafar kaza ke daskarewa, amma na tsoka zalla ba ya yi? A miƙa amsa ga sakataren kulob kafin ranar Juma'a.