Yadda Ake Tayar da Tsohon Gem na Kaset

Idan ka tsinci tsohon gem ɗinka a ƙasan akwati, Sega ce ko irin kwaikwayon Famicom ɗin nan da aka riƙa shigowa da su daga Sin, kada ɗoki ya sa ka jona shi da wuta nan take. Garaje ya fi tsufa kashe waɗannan na'urori.

Fara da adafta, don a nan ake asara. Duba ƙasan na'urar ka karanta irin wutar da take ci. Famicom da Nintendo ya fitar a Japan a 1983 an yi adaftarsa ne don wuta mai ƙarfin 100, NES ta Amurka ta 1985 kuma 120, alhali tamu 230 ce. Sai ka haɗa da taransifoma mai rage wuta. Wani tarkon kuma: adaftar NES wutar AC take fitarwa, Famicom da Sega Mega Drive ta farko kuwa DC suke so. Bakin yana shiga daram, amma kana kunnawa sai ƙauri. Idan rubutun ƙasan na'urar ya goge, kai wa mai gyaran rediyo ya auna maka.

Sai kaset. Duk mun hura masa iska da baki muna ganin mun iya gyara, alhali danshin numfashi tsatsa yake sa wa haƙoran. Cirewa da mayarwa ne suke sa ya kama. Tsoma auduga a sifirit, ka goge haƙoran gaba da baya har audugar ta daina baƙi, ka bari ya bushe. Ka kuma sani kaset ɗin Famicom haƙora 60 gare shi, na NES 72, ba sa shiga ramin juna.

Wayar hoto ba wuya: rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. In talabijin ɗinka ba shi da waɗannan ramuka, sayi ƙaramin akwatin da ke juya su zuwa HDMI. Hoto ya fito ba kala? Galibi saɓanin NTSC da PAL ne, ba lalacewa ba.

Ni dai shawarata, nemi tsohon talabijin mai ƙeya, ko ɗan ƙarami ne. Bindigar harbin agwagi ta Duck Hunt da hasken irin wannan gilashi take aiki; a gaban filasma, ka yi ta harbi har la'asar, karen nan na cikin wasan dariya kawai zai yi ta yi maka. Super Mario da Contra ma sun fi sauraron yatsa a kansa.

Hannun gem da ya ƙi tsalle kuwa, kwance sukurorinsa ka goge baƙaƙen robobin da ke ƙarƙashin madannai. In sun yage, sai an sake su.