Filin Manoma: Yadda Ake Renon Ɗan'uwan Lalle Mai Fure

A ƙasar Rano da Kibiya ba a rasa gindin lalle a bayan gida, an kuma san rumman. To, akwai wani ɗan'uwansu, danginsu ɗaya a wurin malaman tsirrai, wanda ake dasawa domin furensa kurum. Sunansa Lagastaromiya. Asalinsa ƙasar Sin ne. A shekarar 1759 wani masani mutumin Suwidin, Liniyas, ya raɗa masa sunan abokinsa, wani babban ɗan kasuwa mai fatauci zuwa Gabas. Furensa yakan fito tuli-tuli a kan rassa, fari, ko ja, ko ruwan hoda, ko shunayya.

Itacen bai cika girma ƙwarai ba, yakan tsaya tsakanin ƙafa 10 da 20. Saboda haka ya dace da tsakar gida irin ta Rurum Tsohon Gari, inda mangwaro ko darbejiya za su cinye fili. Amma mai gida da yawa kan sayo dashe da kuɗinsa, kafin watan Afrilu ya bushe. Laifin ba na itacen ba ne, na rashin sanin halinsa ne.

Wurin dashe. Wannan itace rana yake so, kamar sa'a 6 kowace rana ko fiye. In an sa shi a inuwar katanga, sai ya yi ganye ba fure. Ba ya son inda ruwa ke kwanciya. A bar ƙafa 6 tsakaninsa da bango, ƙafa 10 tsakaninsa da ɗan'uwansa.

Samun iri. Kada a dogara da ƙwaya, gama ba lalle ba ne ta ba da launin uwarta. A yanko reshe mai kaurin fensir, tsawon inci 6 zuwa 8, daga itacen da aka ga furensa. A tsige ganyen ƙasa, a soka rabinsa cikin tukunya mai huji wadda aka cika da yashi da baƙar ƙasa. A ajiye a inuwa, ana yayyafa ruwa. Bayan kamar mako 6 sai ya yi saiwa.

Dashe. A jira damina ta kankama, watau ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. A haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin shanu. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Kada a binne wuyan dashen fiye da yadda yake a tukunya. Ran da aka dasa, ran nan za a kewaye shi da ƙaya, gama akuya ba ta jira.

Rani. Nan ne ake asara. Ruwan sama yakan ɗauke cikin Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Mayu ko Yuni. Ko da yake madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ba ta da nisa, itacen gida da guga yake rayuwa. A shekara 2 na farko a ba shi bokiti guda sau biyu a mako, da yamma. In an dasa shi kusa da wurin alwala, aikin ya ragu. Ruwan wanki mai yawan sabulu kuwa kada a zuba masa kullum. Da hunturu yakan zubar da ganye, ɓawonsa ya saɓule. Halinsa ke nan, kada a sare shi. A kankare reshe da farce: in cikin kore ne, yana da rai.

Sassabe. Fure a sabon toho yake fitowa. Don haka a yi sassabe cikin Maris ko Afrilu, kafin ruwan fari. A bar jijiyoyin gindi 3 zuwa 5 masu ƙarfi, a cire 'ya'yan da ke tsirowa a ƙasa da rassan da suka gitta juna. Kada a datse kansa gaba ɗaya, gama siraran rassa za su fito waɗanda ba su iya ɗaukar fure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙwari da cuta. In ganye ya yi danƙo ya baƙanta, darɓa ce. A fesa ruwan sabulu tsinkakke ko jiƙon ganyen darbejiya da maraice. In ya yi fari kamar an barbaɗa gari, iska da rana ne suka yi masa kaɗan, sai a rage rassan ciki. A riƙa zuba toka kaɗan kewaye da gindi saboda gara.

Wanda ke son fure baɗi, yanzu ne zai nemi itacen da zai yanko reshe, ya kuma tanadi ƙayarsa. Allah ya ba da damina mai albarka.