Rabuwar Mutanen Koriya da Yaƙin da Ya Biyo Baya

Gabatarwa

Mutanen Koriya al'umma ɗaya ce mai harshe ɗaya da al'adu ɗaya, kuma ta shafe ƙarnuka a ƙarƙashin sarauta guda. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda layin da baƙi suka shata don biyan buƙatar ɗan lokaci ya rikiɗe ya zama iyakar da ta raba wa da ƙane har wa yau.

Asalin Rabuwar

Japan ta mallaki Koriya tun daga 1910 har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a 1945. Yayin da Japan ta kusa miƙa wuya, sojojin Rasha sun riga sun shigo ta arewa. Sai aka umarci wasu hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, su tsai da wurin da kowane ɓangare zai karɓi makaman sojan Japan. Suka duba taswira suka zaɓi layin digiri 38, saboda ya bar babban birni, watau Seoul, a hannun Amurka. Ba a shawarci ko Bakoriye ɗaya ba. Rasha kuwa ta amince.

Da farko an ɗauka shirin na wucin gadi ne. Amma da gaba ta tsananta tsakanin Amurka da Rasha, sai maganar kafa gwamnati ɗaya ta sha ruwa. A 1948 aka kafa gwamnatoci biyu: ta Kudu a watan Agusta a ƙarƙashin Syngman Rhee, ta Arewa kuma a watan Satumba a ƙarƙashin Kim Il Sung. Kowannensu yana iƙirarin shi ne halattaccen shugaban Koriya baki ɗaya.

Yadda Yaƙin Ya Gudana

Ranar 25 ga Yuni 1950 sojojin Arewa suka tsallaka layin, bayan Stalin ya ba da yardarsa. Cikin kwana uku Seoul ta faɗi, kuma ba da jimawa ba aka tsuke sojojin Kudu a kewayen Pusan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a kai wa Kudu ɗauki, domin a lokacin wakilin Rasha yana ƙauracewa zaman Kwamitin Sulhu. Ƙasashe 16 ne suka aika da mayaƙa, har da Habasha.

A watan Satumba Janar MacArthur ya sauke dakaru a Inchon, ya ɓullo wa sojojin Arewa ta baya. Nasarar ta sa aka wuce layin, aka doshi kogin Yalu da ke iyaka da ƙasar Sin, duk da kashedin da Sin ta yi. Nan take ta turo dubban ɗaruruwan sojoji, suka mai da rundunar Majalisar baya. Sau huɗu Seoul tana canza hannu. Daga tsakiyar 1951 yaƙin ya cije a kusa da inda ya faro, ana tattaunawa ana kuma zubar da jini. Babban abin da ya ja zancen shi ne makomar fursunonin yaƙin da suka ƙi komawa gida.

Ranar 27 ga Yuli 1953 aka sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta a Panmunjom. Koriya ta Kudu ba ta sa hannu ba, kuma har yanzu ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba.

Kammalawa

An yi asarar rayuka fiye da miliyan biyu, akasarinsu farar hula, amma iyakar ɗan motsi kawai ta yi. A madadin layin taswira sai aka sami zirin ƙasa mai faɗin kilomita 4, cike da nakiyoyi da waya mai ƙaya. Iyalan da gudun hijira ya raba ba su sami damar ganawa a hukumance ba sai a 1985, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka dace. Da yawa sun riga mu gidan gaskiya ba su san ko 'yan'uwansu suna raye ba.