Dabarun Ɗaukar Hoto Don Adana Kayan Al'ada a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Gabatarwa

Ɗalibin al'ada da ya fita bincike ƙasar Tambuwal, garin da Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, ko kuwa Kebbe da ke iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara, zai tarar ginin ƙasa yana ja da baya a gaban bulo da kwano. Zauren da ya gani bana, mai yiwuwa ne baɗi damina ta kayar da shi. Saboda haka hoton da ya ɗauka shi ne shaidar da za ta rage. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana dabaru uku da za su hana wannan shaida lalacewa.

Jeranta Haske

Idon mutum yana iya ganin daurin guga a cikin duhun zaure, ya kuma ga hasken ƙofa a lokaci guda. Kyamara ba ta da wannan baiwa. In ta bi duhu, ƙofa ta yi fari fat. In ta bi haske, rufin ya ɓace. Maganin wannan shi ne a kafa kyamara bisa ƙafafunta, a ɗauki hoto uku: ɗaya bisa awon da ta bayar, ɗaya da rabin wannan haske, ɗaya da ninkinsa. Saurin ƙiftawar kyamara za a riƙa sauyawa, a bar faɗin kafar haske yadda yake. Daga baya a zaɓi mafi kyau, ko a haɗe su a kwamfuta.

Jeranta Saiti

In aka matso kusa da ƙaramin abu mai zurfi, kamar ƙwarya mai zane ko tandu, bakinsa kan fito sarai, gindinsa ya yi dishi-dishi. A nan sai a ɗauki hotuna da dama, ana gusar da saiti kaɗan-kaɗan daga kusa zuwa nesa, sannan manhaja ta tsinto wurin da ya fito daga kowanne. Sharaɗin kawai shi ne kada kyamara ko abin ya motsa.

Hoto Daga Sama

Tsarin gari ba ya bayyana ga mai tafiya a ƙasa. Tun 1888 Arthur Batut ya ɗauki hoton garin Labruguière na Faransa ta hanyar rataya kyamara ga irin jirgin da yaranmu ke yi da leda da zare. A 1906 George Lawrence ya yi haka ga birnin San Francisco bayan girgizar ƙasa. Ba a jikin jirgin ake ɗaura kyamara ba, a jikin igiya ake rataya ta, ƙasa da shi, don rage jijjiga. A saita ta tana ɗauka da kanta bayan 'yan daƙiƙu, da ƙiftawa mai sauri, misali 1/1000 na daƙiƙa. Tun da ba ta tsayawa wuri ɗaya, haɗe hotuna yana da wuya. Yawansu ne zai ba da zaɓi.

Hantsi da la'asar sun fi dacewa, domin doguwar inuwa ita ke tona gurbin ganuwa ko kufai da ya baje. Iskar hunturu tana ɗaga jirgi, amma hazonta yana dushe hoto. A kuma nisanci wayoyin lantarki.

Kammalawa

Akwai abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci. Katangar gida sutura ce, kyamarar sama kuwa tana leƙa tsakar gida inda baƙo ba ya shiga. Wajibi ne mai bincike ya nemi izinin hakimi da mai unguwa da masu gidaje, ya bayyana musu abin da hoton zai nuna. In suka ƙi, ya tsaya ga kasuwa da fadama da kufai. A ƙarshe ya rubuta sunan wuri da ranar ɗauka ga kowane hoto, don wanda zai zo bayansa ya amfana.