Kafin Ku Kama Hanyar Sakkwato

Ɗana, na ji za ka kai amaryarka Sakkwato ku yi 'yan kwanaki. Madalla, Allah Ya kai ku lafiya. Matso kusa mu yi magana, tunda ku biyun a Legas kuka tashi.

Sakkwato, Birnin Shehu, gari ne mai natsuwa. Tun da Muhammadu Bello ya gina shi a 1809 garin karatu ne, mutanensa kuma akwai kunya. Riƙe hannu a titi, jingina da juna a Keke Napep, kiranta da sunan shagwaɓa a gaban dattawa, duk ku bar wa ɗakinku. Halal ɗinka ce, na sani. Da wuya ma wani ya tanka muku. Sai dai mai shago ya sunkuyar da kai, hirar da ya so yi da ku ta mutu. Ita ce kuma za ta fi jin nauyin idanun mutane, ba kai ba.

Don haka tun a gida za ka gaya mata, cikin lallashi, ta sa hijabi ko mayafi mai yalwa a jaka. Kada ka bari sai kun isa ƙofar Hubbare ka ce mata "gyara gyalenki" a gaban jama'a. Za ta gyara, ba za ta ce komai ba, amma daɗin tafiyar ya ragu ke nan. Yarinyar kirki ce, in ta san dalili da kanta za ta kiyaye.

A Hubbaren aka binne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, kuma 'yarsa Nana Asma'u na kwance kusa da shi. Ka ba ta labarin Nana a hanya, yadda take naɗa mata jagorori da ake kira jaji su shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Sai ta ji wurin nata ne ita ma. Ku cire takalma inda ake cirewa, ku sassauta murya, ku yi musu addu'a. Ka tanadi 'yan canji don sadaka. Kada ku ɗauki kowa hoto sai da izini, musamman matan mutane.

Da ɗan gari akan ci gari. Ku nemi wanda zai raka ku gidan tarihi na Waziri Junaidu, da Wurno inda kabarin Bello yake. In ka ji an ce "mi kaka so?", Sakkwatanci ne, ka amsa da fara'a.

Ranar Juma'a ka tabbatar ta samu wurin zama kafin ka wuce Masallacin Shehu. Zafin garin kuwa daga Maris zuwa Mayu ba na wasa ba ne. In da hali ku bari sai hunturu. In kuma lokacin zafin ya kama, ku fita da sassafe ko bayan La'asar, ka riƙa tambayarta ko ta sha ruwa, don amarya ba ta cewa ta gaji.